Biyan sub duk wata ko tara faifai? Amsa ga angon da zai zauna a ƙauye

Wani ƙanina malamin firamare da ke koyarwa a wani ƙauye ta wajen Gaya ya turo min tambaya, ya ce bayan sallah amaryarsa za ta tare in Allah ya yarda, kuma cikin kayan ɗaki an saya mata talabijin, to shi abin da ya ɗaure masa kai shi ne ya sayi na'urar DVD ya dinga tara faifai kamar yadda ya taso ya ga ana yi a gidansu, ko kuwa ya rabu da wannan ya dinga biyan sub duk wata a manhajojin kallo kamar yadda abokansa na birni suke ta zuga shi. Ya ce wanne ya fi sauƙi a aljihu, wanne kuma ya fi ɗorewa.

To ƙanina da farko dai Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Ka yi haƙuri amsar za ta yi tsawo, don wannan harkar a cikinta na ci abinci sama da shekara ashirin kuma har gobe a cikinta nake. Tun zamanin kaset na fara, da ɗan shagona a bakin tasha, duk sati in hau mota in shiga Kano in saro sababbi a Ƙofar Wambai, ran Juma'a in baje wasu a kasuwar Wudil, sauran in jera a kanta ina ba da haya ta kwana ɗaya. Littafi gare ni mai layi-layi, in rubuta sunan mai gida da sunan yaron da aka aiko da ranar da za a dawo da shi. Daga kaset muka koma sidi, daga sidi muka koma DVD, yau kuma shagon nan dai caji ne da turi da ɗan gyaran na'ura. Duk abin da zan gaya maka na gani da idona ne ko na taɓa da hannuna.

Maganar farko da nake so ta zauna maka ita ce sub haya ce, ba saye ba ne. Mutane da yawa ba su gane wannan ba, suna ganin tunda sun biya kuɗi fim ɗin ya zama nasu. Ita kanta Netflix ɗin da abokanka suke yi maka maganarta, asalinta gidan hayar faifai ce a Amurka, a 1998 ta fara aika wa mutane DVD ta gidan waya, ka kalla ka mayar a cikin ambulan a aiko maka wani, wato sana'ata ce sak sai dai su ba yaro ake aikowa ba. A 2007 suka fara sa finafinai a intanet, kuma a watan Satumba na 2023 suka rufe ɓangaren faifan gaba ɗaya. Wani babban kamfanin hayar bidiyo da ake kira Blockbuster mai dubban shaguna ya karye tun 2010. Kenan abin da ya ci mu a nan ya ci su a can, ba wai mu kaɗai ba ne.

Amma akwai bambanci tsakanin hayar da da hayar yanzu kuma a nan ne aljihunka zai ji a jikinsa. A shagona sai ka ɗauki kaset kake biya, in sati biyu ba ka leƙo ba ba na binka ko sisi. Sub kuwa ko ka kalla ko ba ka kalla ba wata yana cika an cire, musamman in ka bar katin bankinka a maƙale, kai dai sai ka ji alat. Kai da kake koyarwa da safe ka wuce gona da yamma, ka gaya min a watan Yuli da Agusta lokacin noman farko da maimai, awa nawa za ka iya zama gaban talabijin kafin barci ya ɗauke ka? Wannan watan ma sai ka biya cif. Sannan fim ɗin da ka gani yau ba lallai ka same shi wata uku masu zuwa ba, saboda su ma da yawan finafinan hayarsu suka karɓa daga masu shi na wani lokaci, yarjejeniya tana ƙarewa sai su sauke. Wanda ka sauke a cikin manhajar don ka kalla ba data shi ma a kulle yake, ba ya fita zuwa memori, ba ka iya tura wa wani ta Xender, kuma ranar da sub ya ƙare ranar zai daina buɗewa ko da yana nan ya cinye maka wuri a waya. Kayan aro ba ya rufe katara, haka abin yake.

Yanzu mu zo kan lissafi, don abokanka na birni kuɗin sub kawai suke faɗa maka, alhali mu a ƙauye sau uku muke biya: kuɗin sub, kuɗin data, da kuɗin wuta. Kuma na tsakiyar ne ya fi cizo. Ita Netflix da kanta ta ce in ka sa hoto matsakaici awa ɗaya tana cin wajen 0.7GB, in ka sa mai kyau sosai wanda ake cewa HD tana iya kaiwa 3GB a awa ɗaya. To ɗauki biro. Awa ɗaya kullum da daddare a matsakaici, kwana 30, ya kama 21GB. In amarya ta ƙara awa ɗaya da rana ya zama 42GB. In kuwa a talabijin ne kuka bar shi a HD, awa ɗaya kullum kawai 90GB kenan a wata. Yanzu duba nawa kake sayen data a wata ka ga inda lissafin ya kai ka, kar ka manta a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100, ita ma Netflix sau biyu ta ƙara kuɗinta a Najeriya a cikin 2024 kaɗai. Albashin malamin firamare kuwa ka fi ni sanin yadda yake tafiya.

Sai sabis. Wannan kai kaɗai za ka iya ba kanka amsa don kowane gari da irin nasa, wani lokaci ma kowane ɗaki da irin nasa. Na san gidajen da a ƙofar gida sabis ya cika amma kana shiga ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya koma sanda ɗaya, na san unguwar da sai an je gindin darbejiyar makaranta ake iya buɗe bidiyo. Kuma lokacin da kowa yake kan waya, tsakanin isha'i zuwa sha ɗaya, shi ne lokacin da ya fi nauyi, shi ne kuma daidai lokacin da kake son kallon. Ba abin da ya kai ɓacin rai kamar ku zauna kai da iyali ana tsakiyar labari abu ya tsaya yana ta juyawa. Shawarata tun kafin ka kashe ko naira ɗaya, ka je ɗakin da za a jera kayan, ka zauna daidai inda talabijin za ta zauna, ka buɗe YouTube ka sa shi a 480p, wato hoto matsakaici, ka bar shi ya yi awa ɗaya, dare uku a jere, ka ƙirga sau nawa ya tsaya sannan ka duba data nawa ta tafi. Gani ya kori ji.

Akwai kuma wani abu da angwaye ba sa tunawa sai an tare. Wayar wa za a yi kallon da ita? Kai za ka fita tun bakwai da wayarka a aljihu, ita ce za ta wuni a gida, baƙuwa a garin da ba ta saba ba, ƙannenka da 'yan matan maƙwabta suna shigowa taya ta hira. In talabijin ɗin ba mai shiga intanet da kanta ba ce to sai an sayi ƙaramin akwatin Android an haɗa, shi ma sai an ba shi intanet daga waya ko ƙaramar rawuta. Sannan tsarin Netflix mafi araha na waya ne kawai, ba ya buɗewa a talabijin, ka ga in ka biya shi talabijin ɗin kayan ɗaki ta zama ado kenan. Kuma me ma ke ciki? Finafinan Hausa a manyan manhajojin waje kaɗan ne ƙwarai, galibi na Turanci ne da na Koriya da na kudu, sai ka bi rubutun ƙasa da ido. Abin da na ga matan garinmu suna nema kullum shi ne masu dogon zango na Hausa da Indiya-Hausa da waƙoƙi, waɗannan kuwa gidansu YouTube ne da tashar Arewa24, sai manhajojin gida irin su Northflix da Kallo.ng da aka buɗe musamman don finafinan Hausa. Ka tambaye ta ma tukuna me take kallo a gidansu, kar ka yanke mata.

To kar ka ɗauka tunda na faɗi wannan duka zan ce ka ruga ka sayi DVD. Ni mai faifai ne amma ba zan rufe ka ba, kasuwar faifai ta mutu. Sabon fim ba ya fitowa a faifai yanzu kamar da, masu shiryawa sun koma mai dogon zango suna sakewa sati-sati a intanet da tashoshi, saboda a ƙarshe-ƙarshen nan sai furodusa ya zuba kuɗinsa ya buga faifai, kafin ya sayar da rabi an riga an kwafe an cika wayoyin mutane da shi. Na ga dilolin da muke saro kaya a wajensu sun koma sayar da kayan waya, wasu sun bar harkar baki ɗaya. Ko a Amurka wani babban kanti mai suna Best Buy ya daina sayar da DVD a farkon 2024. Abin da za ka tarar a kasuwar ƙauye yau ko dai kwantai ne da ya sha rana a kan tabarma, ko kuma kwafi ne da wani ya ƙona a kwamfuta.

Bari in tsaya a nan kaɗan don wannan ne abin da mutane suka fi rashin sani. Faifai iri biyu ne ko da a ido kamarsu ɗaya. Akwai wanda aka buga a masana'anta, in ka juya bayansa za ka gan shi fari fat kamar azurfa, wannan bayanan a jikinsa aka danna su kamar hatimi, in ka kula da shi zai daɗe ƙwarai. Akwai kuma wanda aka ƙona a kwamfuta, DVD ɗinsa bayansa yana yin shuɗi-shuɗi ko ruwan makuba, sidi kuma yakan yi kore-kore, wannan wani rini ne a ciki haske ya ƙona ya yi rubutun, kuma rinin nan zafi da rana suna kashe shi a hankali. Ka tuna zafin ɗakin kwano a watan Afrilu da Mayu, ka ajiye irin wannan faifai a kan taga ko a kan talabijin, shekara kaɗan za ka sa shi na'ura ta ce babu faifai alhali ko ƙarzane ɗaya babu a jikinsa. Shi kuma sidi, inda bayanansa suke yana kusa da saman da aka yi wa hoto ne, don haka karcewar sama ta fi ta ƙasa illa, kar a bar yara su yi rubutu a kai da biro mai tsini. In za a goge a sa ƙyalle mai laushi daga tsakiya a ja zuwa baki, ba a bi shi zagaye ba. Sannan masu fim goma ko ashirin a faifai ɗaya ɗin nan, DVD na yau da kullum 4.7GB yake ɗauka, fim ɗaya ko biyu aka yi shi dominsa, in aka cusa ashirin dole a matse hoton ya dagule, a tsohuwar talabijin mai ƙeya ba ka lura sosai amma a sabuwa mai inci 32 fuskar mutum ma sai ta zama dabbare-dabbare. Araha ba ta ado.

Ita ma na'urar tana da nata ciwon. Idonta ne yake fara mutuwa, ƙurar hunturu ta shiga ta lulluɓe shi, sai ta fara zaɓen faifai, ta karanta wannan ta ƙi wancan, daga nan ta fara tsalle, daga nan shiru. Wani lokacin goga da auduga da ɗan sifirit yana tashinta, wani lokacin sai an canza idon, kuma kayan gyaran suna ƙara wuya don ba a shigo da su kamar da. Janareton da wutarsa take hawa da sauka shi ma yana ƙona su. Wajen cin wuta dai ba ta da laifi, wajen wat 10 zuwa 15 ne, talabijin ɗin ce mai ci, don haka in sola gare ka ƙarama za ta ja su biyun ba matsala, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ai ka san tada janareto saboda kallo kawai ya zama sai wane da wane.

Duk da haka akwai abin da faifai yake da shi wanda har yau ban ga abin da ya maye gurbinsa ba, kuma ina faɗar wannan ne da zuciya ɗaya. Faifai abin gida ne, waya abin mutum ɗaya ce. Da can faifai ɗaya sai ya zaga gida shida a unguwa, a aiko yarinya ta ce wai in ji Yaya a ba ta aron na jiya in kun gama, a haɗa mata da ɗan ƙulli na gyaɗa ko daddawa, matan da ba sa fita ta haka suke gaisawa. Da daddare a fito da talabijin tsakar gida a shimfiɗa tabarma, kaka tana nan, yara suna nan, mai gida ya san abin da ya shigo gidansa don kwalin yana hannunsa ya gani, in bai yi masa ba ya ce a mayar. In aka zo wurin da bai dace ba wani ya miƙa hannu ya tura gaba. Yanzu kuwa kowa ya shige lungu da abin ji a kunne, yaro ɗan shekara goma sha biyu ya zo min da memori in buɗe in ga abin da ni kaina sai na kau da kai, ubansa kuma bai san komai ba. Kai yanzu za ka fara gina gida, wannan abin dubawa ne tun kafin yara su zo. Duk hanyar da ka zaɓa, ka yi ƙoƙari kallon gidanka ya zama a talabijin ne a fili, inda kowa yake ganin abin da kowa yake gani.

Na biyu, akwai abubuwan da ba su a ko'ina sai a faifai da kaset. Tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa shekarun da kasuwa take ci, an yi finafinan Hausa masu ɗimbin yawa, da yawansu in ka nema a intanet ba za ka samu ba, ko ka samu guntu mai dishi-dishi. Haka karatuttukan malaman garuruwa da aka ɗauka da azumi, da hawan sallah na hakimai, da bidiyon bukukuwa. Wani dattijo ya taɓa zuwa shagona da sidi a naɗe cikin leda, na bikin 'yarsa ne, ya ce mai ɗakinsa ta rasu kuma a nan ne kaɗai take magana tana dariya, jikokinta ba su san muryarta ba. Ƙonanne ne na kwamfuta, ya yi shekaru a cikin kwalla a ɗaki mai zafi. Kwana biyu ina fama da shi a na'ura uku daban-daban, abin da na iya cirowa bai wuce minti goma sha biyu ba, Allah ya taimaka tana cikin wajen minti huɗu. Na zuba masa a memori biyu. Mutumin nan ya zauna a kan bencina ya kalla ya maimaita ya fi sau biyar bai ce uffan ba. Tun ranar duk wanda ya ce min yana da faifan biki ko na wani mamaci nake cewa ya kawo a kwafe yau ba gobe ba. Ka je gidanku ka duba kwalayen nan da ka ce ka taso ka gani, na tabbata akwai irin wannan a ciki.

Hanya ta uku ita ce wadda ba ka tambaya ba amma ita mafi yawan mutanenmu suke bi, wato filas da memori. Kusan duk talabijin ta yanzu tana da ramin USB a baya ko a gefe, ka zuba fim a filas ka soka ka kalla ba data ba sabis ba faifai. Filas mai 32GB zai ɗauki abin da faifai shida da ɗoriya za su ɗauka, in kun gama a goge a zuba wani. Sai dai ka kiyayi na bogi, sun cika kasuwa, a rubuta 64GB a jiki alhali cikinsa bai fi 8GB ba, zai nuna maka kaya sun shiga amma in ka zo buɗewa rabi sun lalace. Ka saya wajen wanda ka sani, a cika shi taf a gabanka a buɗe na farko da na ƙarshe. Wasu talabijin ɗin da kusan duk tsofaffin DVD masu USB ba sa karanta filas sai an yi masa fomat a FAT32, shi kuma wannan tsarin ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, kuma tsofaffin DVD ba sa buɗe MP4 da yawa sai AVI, ka ga dalilin da wani zai ce filas ɗinsa ya lalace alhali lafiyarsa lau. Kuma shi ma filas ba ma'ajiya ba ce ta har abada, yana mutuwa rana ɗaya ba sallama, bairos ma yana cinye shi in ana yawo da shi kwamfuta-kwamfuta. Abin da kake ji da shi ka ajiye shi wuri biyu.

A nan dole in faɗi wata magana ko da ta shafi sana'ata. Da yawan abin da ake turawa a shaguna ba da izinin masu shi ba ne, kuma haƙƙi ne. Mutum ya ci bashi ya ɗauki ma'aikata ya yi wata yana ɗaukar fim, mu mu tura a naira hamsin shi ko kwabo bai gani ba, wannan yana cikin abin da ya karya kasuwar da ni kaina nake kuka da mutuwarta. Akwai ma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, amma ni ba tsoron doka nake nuna maka ba, kai malami ne ka san hukuncin cin guminsu. Abin da ya fi tsafta shi ne in mai fim ya sa abinsa a tasharsa ta YouTube ka kalla a can, ba a tashar wanda ya sato ba, don tallan da ake sakawa shi ne abincinsa. YouTube ɗin ma yana barin a sauke wasu bidiyon a cikin manhajar, ka sayi datar dare mai araha ko ka bari sai ka shigo gari inda sabis yake da ƙarfi ka sauke na sati, sai dai yana so ka dinga leƙa intanet lokaci-lokaci don kar su rufe. In kuma fim na kuɗi ne a manhajar gida, ka biya ɗan abin da suka yanka in kana da hali, su ne namu.

To da ni ne kai ga yadda zan yi. Ba zan sayi sabuwar DVD don sababbin finafinai ba, babu su. In akwai tsohuwa a gidanku mai aiki ka karɓo, ko ka sayi ta hannu mai arha bayan an gwada ta da faifai uku a gabanka, saboda tsofaffin faifan gida da na karatu, ka ɗinka mata riga ka dinga rufewa. Kuɗin da ka ware ka fara sa su a kwanon dish da dikoda, don akwai tashoshin da ake kamawa kyauta ba biyan wata, Arewa24 ma da ta fara a 2014 a haka ta fara, da tashoshin Makka da Madina da na wa'azi, wannan shi zai zame wa amarya abokin wuni ba tare da ta jira wayarka ba, ka sa mai haɗa dish na yankinku ya nuna maka abin da yake kamawa yanzu kafin ka biya shi. In kana son ƙari, StarTimes suna da biyan sati ba sai wata ba, wannan ya fi kama da hayar da muka sani, satin da kake so ka biya satin da ba ka so ka bari. Sai filas mai kyau guda biyu, ɗaya na yawo ɗaya na ajiya.

Shi kuwa sub na manhaja, in gwajin dare ukun nan ya nuna sabis ɗinku yana ja, ka mayar da shi abin lokaci-lokaci. Ka bari sai an yi hutun makaranta ko bayan an gama girbi kaka ta yi, ka biya wata ɗaya, ka kalli abin da ka tara a rai, kuma a ranar da ka biya ka shiga ka soke sabuntawar, zai ci gaba da yi maka aiki har watan ya cika sannan ya tsaya da kansa ba tare da an taɓa asusunka ba. Ka sa hoton a matsakaici tun farko, a waya ba za ka ga bambanci ba.

Sai bidiyon bikinku. Ka gaya wa mai ɗauka tun yanzu kana son ainihin fayil ɗin a filas, ba wanda aka turo ta WhatsApp ya matse ba, sannan ya ƙona maka a faifai guda biyu. Ɗaya ya zauna a ɗakinku cikin kwalinsa a tsaye a ƙasan akwati inda ba zafi, ɗaya ka kai gidan surukanka, kuma duk bayan shekara biyu ko uku ka fito da su ka gwada. In ka shigo Wudil ran Juma'a ka ɗauko min hoton bayan talabijin ɗin inda ramukan suke da lambarta, in duba maka irin filas ɗin da za ta karanta, ka taho da faifan gidanku ma mu ga waɗanda za su kwafu.